IDON MALAMA MAS'UDA

Shafi na 31

Ku da kuka cika mini waya da cewa Mas'uda ta faye haƙuri, ku gyara zama. Yau ta shiga mota.

*

Tun da motar ta bar tashar Kebbe, magana ɗaya Hamdiya take maimaitawa.

"Ki sha maganinki, Mas'uda. Azahar ta gota."

"Ba ni sha."

"Likita cewa ta yi kada ki ƙetare lokaci."

"Na jiya, Yaya. Ni tag gaya ma."

Hamdiya ta murza bakin mayafinta. Ita ce babbar yayar Mas'uda, ita ta riƙe ta tun rasuwar innarsu, ta kuma san idan ƙanwar tata ta yi irin wannan muryar babu mai tanƙwara ta.

Mas'uda ta ciro ɗan madubi daga jaka ta duba. Fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe rabin ƙwayar idon. Na dama ma ya fara nauyi. Ta mayar da madubin ta jingina. Haka take so. Da idon da Tambuwal ta yi wa dariya, da shi za ta koma Tambuwal.

Ranar walimar saukar ɗalibanta aka fara. La'asar ta yi, aka miƙa mata lasifika ta yi wa iyaye godiya. Idanunta suka lumshe, muryarta ta riƙa fita ta hanci, kalmomi suna narkewa a bakinta. Ta kai hannu ta ɗauki kofin ruwa, ta ga kofi biyu, ta damƙi iska. Wani ya ɗauka a waya. Washegari babu wayar da bidiyon bai shiga ba, an rubuta a ƙasansa: Malama 'yar ƙwaya.

Makaranta ta sallame ta. Mu'awiya, mijinta, ya sake ta ba tare da ya tambaye ta komai ba. Uwarsa, Hajiya Tambaya, ta riƙe 'yarsu Zulfa, ta ce jikarta ba za ta tashi hannun 'yar maye ba.

A Kebbe, garinsu, an yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Da abinci ya fara tsaya mata a wuya, Hamdiya ta ɗauke ta sai babban asibiti a Sakkwato.

Har yanzu tana jin muryar likitar nan, wata siririya mai tabarau.

"Da safe in kin tashi barci, yaya idon yake?"

"Garau, kamar ba ni ba."

"Da yamma fa?"

"Kamar an rataya mini dutse."

"Kina ganin abu biyu?"

"E. In na rufe ido ɗaya sai ya koma ɗaya."

"Tauna nama?"

"Muƙamuƙina gajiya yake yi tun ban kai rabi ba."

Likitar ta ɗaga yatsa sama ta ce ta kafa masa ido kada ta ƙifta. Tana kallo, fatar idon tana zamowa a hankali har yatsan ya ɓace. Sai aka kawo ƙanƙara a leda aka ɗora mata a kan idon na kamar minti biyu. Da aka cire, idon ya buɗe tar, kamar na ranar aurenta.

"Sai gwajin jini ya fito zan tabbatar," in ji likitar, "amma na ga alama. Sunanta mayasteniya. Garkuwar jikinki, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ita ta juyo tana toshe inda saƙon jijiya yake isa ga tsoka. Tsokar ido ƙarama ce kuma ba ta hutawa, shi ya sa ake yawan fara gani a nan. Ba aljani ba ne, ba a ɗauka wajen wani, kuma tana da magani. Amma kada ki yi wasa da ita, tana iya taɓa numfashi."

Gwajin jini ya fito, ya ce haka ne. Amma tambayar da Mas'uda ta yi a ranar ita ta kawo ta wannan motar.

"Likita, mai shan ƙwaya in an ɗora mishi ƙanƙara, idonshi buɗewa yake yi haka?"

Likitar ta yi ɗan murmushi. "A'a. Sanyi ba ya kore maye."

*

A tashar Tambuwal Mas'uda ta tsaya shagon mai firiza ta ce a ba ta fiya wata wanda ya daskare ya zama dutse. Ta saka a ƙaramar kula ta miƙa wa Hamdiya. Suka tari 'yan kabu-kabu biyu.

Yau ake sunan Asiya, ƙanwar Mu'awiya. Duk matan unguwa suna gidan Hajiya Tambaya, har da malaman makarantar da ta kore ta. Mas'uda ta daɗe tana jiran rana irin wannan.

A ƙofar gida Hamdiya ta riƙo hannunta.

"Abokiyar aikinki Najiba na ciki?"

"Ita nika nema."

"Mu koma, Mas'uda. Kin samu lafiya, kin san ciwonki. Ki bar ma Allah sauran."

"Ɗiyata na cikin gidanga."

"A tura manya su yi magana."

"Manya sun yi magana, Yaya. An ce musu 'yar ƙwaya ba ta da ɗiya."

Ta zare hannunta ta yi sallama.

Tsakar gidan cike yake. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, ana rabon masa da miya, ana zuba kunu a kofuna. Waɗanda ke bakin zaure suka amsa sallamar, suka ɗago, suka kasa ƙarasawa. Shirun ya riƙa tafiya tabarma bayan tabarma har ya kai ƙofar ɗakin mai jego.

"Dubi idon," wata ta ce ƙasa-ƙasa. "Yau ma ta sha."

Mas'uda ta ji. Ta taka a hankali don ƙasa biyu take gani, ta ɗaga haɓarta sama don ta samu ta leƙa ta ƙarƙashin fatar idon. Ta tsaya tsakiyar rumfa.

Hajiya Tambaya tana kan kujerar roba, ta sha leshi ruwan goro. Ba ta motsa ba.

"Mi yak kawo ki?"

"Barka da arziki, Hajiya. Allah shi raya."

"Amin. Mi yak kawo ki?"

"Abu ukku. Na farko Zulfa."

Kamar ta ji sunanta, yarinyar ta leƙo daga labule da kitso sabo. "Umma." Wani hannu ya ja ta ciki. Mas'uda ba ta bi labulen da kallo ba.

"Ki dubi kanki," in ji Hajiya. "Ko tsayuwa ba ki iyawa. Ki ji muryarki. Gidan suna kinka shigo a buge, ko kunyar idon mutane ba ki ji."

"Ku dube ni da kyau. Shi ya sa nit taho da marece. Haka idona yake cikin bidiyon ko ba haka ba?"

Mas'uda ta juya wajen randa.

"Malama Najiba."

Najiba tana can gefen randa cikin malaman makaranta, ta sunkuyar da kai tun shigowar Mas'uda. Shekaru suna cin abinci kwano ɗaya a ofishin malamai. Ita Mas'uda ta fara gaya wa tana da cikin Zulfa.

"Taso. Fiddo wayarki. Kin iya ɗauka, ai na ga aikinki."

"Mas'uda, don Allah..."

"Malama Mas'uda za ki ce. Taso."

Najiba ta taso, wayar a hannunta.

"Kunna. Matso kusa, ki ɗauki idon da kyau. Yaya, ba ni kular."

Hamdiya ta buɗe, ta miƙo mata ledar ruwan da ta daskare. Mas'uda ta zauna a kan turmin da aka kife, ta rufe ido, ta danna ƙanƙarar a kan fatar idon hagu. Sanyin ya ratsa mata har cikin kai.

"Wanga wane sabon tsafi na?" in ji Hajiya.

"Na asibiti na. Ki yi haƙuri kaɗan, Hajiya. Ni na yi haƙurin da ya fi wanga."

Ruwa ya fara bin kumatunta yana ɗiga a hijabi. Ta ci gaba da magana ido rufe, muryar tana fita ta hanci, kowace kalma sai ta ja ta da ƙarfi.

"Cikin gidanga nic ce muku ina ganin abu biyu. Kunka ce ƙyuyar aiki ta. Nic ce hannuna ba shi ɗaguwa in na yi daka, kunka ce 'yar boko. Ran da tuwo yas sarƙe ni har nif faɗi, Hajiya cewa kinka yi in rage haɗama. Ɗanki ma'aikacin gwamnati na, shina da mota. Ko sau guda bai ce mu tafi asibiti ba. Bidiyo na fita, kafin a yi sallar magariba ya sake ni."

"Ki iya bakinki."

"Ɗalibaina, yaran da nik koya ma alif da ba, su na ka bi na a hanya suna lumshe ido suna tangaɗi. Babana ya bar zuwa masallacin Juma'a na Kebbe, sai shi tafi ƙauye inda ba a san shi ba. Duk kuna nan. Wacce cikinku tat taka ta ce, Mas'uda, mi ad damuwarki?"

Matan suka kau da kai. Jaririn ne kawai ya yi ɗan kuka a ɗaki aka rarrashe shi.

Mas'uda ta cire ƙanƙarar, ta miƙa wa Hamdiya ta mayar a kula. Ta goge fuska da bakin hijabi. Ta buɗe ido.

Idon hagu ya buɗe tar, fari da baƙi duk a waje. Na dama, wanda ba a sa wa komai ba, yana nan a lumshe. Fuska ɗaya, ido biyu, kamar na mutane daban.

Salati ya tashi ƙasa-ƙasa daga kowane gefe. Matan baya suka miƙe tsaye. Wata ta dafe baki.

Ta juya fuskarta a hankali, tabarma bayan tabarma, ta tabbatar kowa ta gani. Ta ƙare a kan Hajiya Tambaya.

"Ki tambayi duk wanda kika so. Maye ba shi jin ƙanƙara. Wanga ciwo na, sunanshi mayasteniya. Jikina na ka faɗa da kainai. In na huta ido shi buɗe, in na gaji shi rufe, in an sa sanyi shi buɗe na ɗan lokaci. Yanzu kuna kallo za shi koma."

Wata dattijuwa mai carbi ta matso da gwiwa.

"Malama, ɗiyar ƙanena can Dogon Daji, haka idonta ka yi. Da safe lafiya lau, da marece shi rufe. An ce mayu na."

"Ki kai ta asibiti, Inna, wajen likitan jijiya. Ki kai ta kafin wani shi ɗauke ta a waya."

Fatar idon ta fara zamowa kamar yadda ta faɗa. Sai a lokacin ta buɗe jaka ta ɓallo maganinta. Hamdiya ta yi sauri ta miƙo ruwa. Haɗiyar ta yi mata wuya, ta yi ta sau biyu kafin ya wuce, ta jira numfashinta ya daidaita.

Hajiya Tambaya ta gyara ɗaurin kallabi. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"To, ciwo na. Allah shi ba da lafiya. Mu ba likitoci ba ne, abin da munka gani shi munka faɗi."

"Shi ya sa abu na biyu. Wanga bidiyon da Najiba tad ɗauka yanzu, duk wadda ta tura wancan za ta tura wanga. Ina da ido a kowane guruf na garinga. Wadda ba ta tura ba, zan sani."

Wayoyi suka fara fitowa daga jakunkuna tun ba ta rufe baki ba.

"Na ukku fa?" in ji Hajiya.

Mas'uda ta miƙe. Ta juya ta fuskanci Najiba, wadda har yanzu take riƙe da waya sama.

"Kada ki kashe. Juyo da ita ta ɗauki fuskarki."

"Malama..."

"Daga bencin malamai anka ɗauki bidiyon. Cikinshi akwai mai cewa subhanallahi. Na saurare shi har na bar ƙirgawa. Muryarki ta."

Najiba ta fashe da kuka.

"Ku shaida," Mas'uda ta ce, ta ɗaga yatsa sama. "Na yi magana da lauya a Sakkwato, lambarshi na cikin wayata. Wallahi, billahillazi, duk wanda yaw watsa bidiyon nan yar rubuta mini 'yar ƙwaya, sai mun tsaya gaban alƙali. Ko waye, ko ɗan wa ne. Ba ni yafewa nan, ba ni yafewa gobe kiyama. Wanda duk yaz zo ba ni haƙuri, shi ma na haɗa da shi."

"Mas'uda, ki bar rantsuwa," Hamdiya ta ce daga bayanta, da wata irin murya.

"Na riga na yi, Yaya."

Najiba ta durƙusa, ta ajiye wayar a kan tabarma tana ci gaba da ɗauka.

"Ni nid ɗauka. Ban musu. Amma ki ji ni, don girman Allah. Na daɗe ina ganin idonki na canzawa da marece. Na yi miki magana kinka ce gajiya ta. Na yi ma Hajiya magana ta ce in bar shiga gidan mutane. Ranar walima da nig ga kin kasa kama kofi, tsoro yak kama ni. Nic ce bari in ɗauka in tura ma danginki su gani da idonsu, su zo su kai ki asibiti."

"Ƙarya kika yi."

"A kawo Alƙur'ani in dafa, da alwalata. Ban sa shi guruf ko guda ba. Ban rubuta komi ba. Mutum guda nit tura ma, guda tak. Washegari nig gan shi ko'ina da wancan rubutun."

"Mi ya hana ki faɗi tun tuni?"

"Roƙona anka yi. Anka ce in na faɗi, abin da yar rage miki a duniya shi ma ya rushe."

"Wa kinka tura ma?"

Najiba ta share hawaye. Ta ɗago jajayen idanunta, ta dubi bayan kafaɗar Mas'uda.

Wani abu ya faɗi ƙasa. Kular ce. Murfin ya yi gefe, sauran ƙanƙarar ta gangara har ƙafar Hajiya Tambaya.

Mas'uda ta juya.

Hamdiya tana tsaye hannuwanta a sake. Hamdiya da ta kwana a kan siminti a barandar asibiti. Hamdiya da take dama mata kunu ruwa-ruwa tana ba ta a cokali lokacin da ba ta iya tauna. Wadda take riƙe mata fatar ido da yatsa don ta samu ta karanta Alƙur'ani.

"Yaya. Ki ce mata ƙarya taka yi."

Hamdiya ta sunkuyar da kai.

"Yaya Hamdiya."

"Ni ta," Hamdiya ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni tat tura ma. Ni nis sa shi guruf."

"Rubutun fa?"

Hamdiya ta gyaɗa kai.

"Shi ma ni."

Mas'uda ta nemi turmin da hannu ta dafa. Ba ciwon ba ne wannan karon. Maganin ya fara aiki, idanunta biyu suna buɗewa, tana ganin fuskar yayarta sarai, har da ɗan tabon goshin da ta samu ranar da ta faɗo daga bishiyar mangwaro tana tsinko mata.

"Don mi?"

"Ba nan ba. Mu koma Kebbe in gaya miki. Akwai abin da ba ki sani ba game da gidanga."

"Nan za ki faɗi. Inda anka tozarta ni."

"Ba ni iyawa gaban mutane, Mas'uda. Ko kashe ni za ki yi."

Hajiya Tambaya ta sa ƙafa ta ture ƙanƙarar gefe. Ta miƙe, ta tako har gaban Mas'uda, fuskarta ta saki a karon farko tun shigowarsu. Ta sunkuya da kanta ta ɗauko jakar Mas'uda daga ƙasa, ta zaro wayar, ta miƙa mata.

"To, Malama. Kin shigo gidana kin tara mini jama'a, kin rantse da Allah gaban kowa. Ko waye, ko ɗan wa ne, haka kinka ce. Ga mai laifinki nan, nono guda kunka sha. Kira lauyan naki muna saurare."

Matan suka zuba mata ido. Wayar Najiba tana kan tabarma, jan ɗigonta yana ƙiftawa.

Hamdiya ta ɗago a hankali, hawaye har haɓa, ta girgiza kai sau ɗaya.

Mas'uda ta karɓi wayar. Ta nemo lambar. Ta danna, ta sa a lasifika yadda kowa zai ji.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Ta yi na biyu.

"Salamu alaikum, Malama Mas'uda," muryar namiji ta cika rumfar. "Kin samo sunan?"